Ƙaguwar gizo-gizo ta zurfin teku: yadda masana ke gane ta da rarraba ta

Ƙaguwar gizo-gizo suna ne da ake bai wa wani babban rukuni na ƙaguwar teku masu dogayen ƙafafu sirara da ƙaramin jiki, waɗanda in an hango su daga nesa sai a ɗauka gizo-gizo ne. A Faransanci ana kiran su araignée de mer, su kuma masana kimiyya sun tara su a ƙarƙashin suna ɗaya na Latin, wato Majoidea. Nau'o'insu da aka sani sun haura 800. Wasu na zaune a bakin gaɓa inda masunta ke kama su da hannu, wasu kuma na can ƙasan teku inda hasken rana ba ya kaiwa.

Waɗannan na zurfi su ne suka fi wahalar da masana. Ba a cika samun su ba, in an samu sau da yawa sun kakkarye a cikin koma, kuma da yawa daga cikinsu sun yi kama da juna kamar an tsaga kara. Sanin ainihin sunan kowace ɗaya kuwa yana da tasiri a kan dokar kamun kifi, da cinikin da ake yi da su, da kuma kare muhallin da suke rayuwa a ciki.

Inda suke rayuwa

Masana na fara lissafin zurfin teku ne daga mita 200 zuwa ƙasa. Daga nan haske ke raguwa, har ya zuwa wajen mita 1,000 inda duhu ke rufe ko'ina. Ruwan wurin sanyi gare shi ƙwarai, kuma nauyinsa na ƙaruwa a kan duk abin da ke ciki: a duk mita 10 da aka nutsa, matsin yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar da ke kan doron ƙasa. Ke nan ƙaguwar da ke zaune a zurfin mita 600 tana ɗauke da matsin da ya ninka na waje kusan sau 60.

Mafi yawan ƙaguwar gizo-gizo ta zurfi na zaune a gangaren da ke sauka daga gefen nahiyoyi zuwa tsakiyar teku, da kuma kan duwatsun ƙarƙashin ruwa. Ba masu sauri ba ne. Suna tafiya a hankali a kan laka ko a jikin murjani, suna cin mushen kifi da tsutsotsi da ƙananan dabbobi masu ɓawo. Akwai wata mai suna Macroregonia macrochira, da aka bayyana a 1978, wadda ake gani a kusa da maɓuɓɓugan ruwan zafi na ƙasan tekun Fasifik, tana kiwo a gefensu.

Matsayinsu a cikin dabbobi

Tsarin rarraba dabbobi yana tafiya hawa-hawa, daga babban rukuni zuwa ƙarami. Ƙaguwa na cikin Arthropoda, wato dabbobi masu gaɓoɓi a ƙafa da ɓawo a waje, rukunin da ya haɗa da fara da kunama da gizo-gizo na gida. A cikin wannan rukuni tana ɓangaren Decapoda, masu ƙafa goma, tare da jatan lande. Daga nan sai Brachyura, ma'ana masu gajeren wutsiya, waɗanda su ne ƙaguwa ta ainihi, domin cikinsu a naɗe yake a ƙarƙashin ƙirji. Ƙaguwar da ake samu a koguna da ƙoramun Afirka ta Yamma ita ma Brachyura ce, sai dai danginta daban ne da na Majoidea.

A wani babban jadawali da masana uku, Peter Ng da Danièle Guinot da Peter Davie, suka fitar a 2008, an lissafa nau'o'in ƙaguwa ta ainihi har 6,793. Majoidea na ɗaya daga cikin manyan gidajen da ke cikin wannan lissafi. An raba gidan zuwa dangogi, kowane dangi zuwa zuri'a, kowace zuri'a kuma zuwa nau'i. Sunan kimiyya na kowace dabba kalma biyu ne: ta farko sunan zuri'a, ta biyu sunan nau'in. Wannan tsari ya samo asali daga masanin ƙasar Suwidin Carl Linnaeus, kuma littafinsa na 1758 shi ne mafarin sunayen dabbobi da ake aiki da su har yau.

A da kusan dukkan ƙaguwar gizo-gizo a dangi ɗaya ake saka su, wato Majidae. Yanzu an raba su. Majidae ya rage da masu idanun da ke da kogon ɓuya kusan cikakke. Inachidae ya ƙunshi masu siraran ƙafafu da idanu a kan dogon kara ba tare da kogo ba. Epialtidae babban dangi ne da ya haɗa da yawancin masu ƙayoyi na zurfi. Oregoniidae ya fi yawa a ruwa mai sanyi na arewacin duniya. Sauran sun haɗa da Inachoididae da Mithracidae, waɗanda suka fi yawa a tekunan nahiyar Amurka.

Alamomin da ake fara dubawa

Abu na farko shi ne siffar ɓawon baya. Na yawancin ƙaguwa faɗinsa ya fi tsawonsa, amma na ƙaguwar gizo-gizo yakan tsuke ta gaba ya buɗe ta baya, kamar goran duma. A goshi akwai tsini da ya fito gaba, wanda sau da yawa ya rabu biyu kamar ƙahoni. Tsawon ƙahonin, da yadda suka ware ko suka jeru, na cikin abubuwan da ake aunawa.

Na biyu shi ne ƙayoyi da ƙuraje da ke kan ɓawon. Masana sun raba bayan ƙaguwa zuwa yankuna, kowane da sunan gaɓar da ke ƙarƙashinsa: yankin tumbi, yankin zuciya, yankin hanta, da yankin huhun ruwa. Ana ƙirga ƙayoyin kowane yanki, a duba ko masu tsini ne ko kuwa sun baje kamar faranti. Bambancin ƙaya ɗaya kan raba nau'i biyu.

Na uku shi ne kewayen ido da gindin siririn gashin da dabbar ke jin abu da shi. A wajen Majoidea gaɓar farko ta wannan gashi a manne take da fuska, kuma faɗinta ko sirantarta na taimakawa wajen gane dangi.

Na huɗu shi ne gashi mai lanƙwasa kamar ƙugiya. Da shi ne da yawa daga cikin waɗannan ƙaguwa ke maƙala soson teku da ciyawa da wasu ƙananan halittu a jikinsu domin ɓad da kama. Wannan ado kan rufe alamomin da ake nema, saboda haka sai an kankare shi a hankali kafin a fara aunawa.

Alamar da ta fi yanke hukunci ƙarama ce, kuma a jikin namiji take. In an ɗaga naɗaɗɗen cikinsa za a ga wasu siraran gaɓoɓi na haihuwa. Siffar bakin na farko daga cikinsu ta bambanta daga nau'i zuwa nau'i, kuma ba ta cika sauyawa saboda abinci ko wurin zama ba. Shi ya sa kusan duk bayanin sabon nau'i ke zuwa da zanen wannan gaɓa da aka yi a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Bambanta jinsi kuwa abu ne mai sauƙi: cikin namiji siriri ne, na mace faffaɗa ne domin a nan take riƙe ƙwai.

Akwai kuma alamu biyu da ke cikin rayuwar dabbar. Ƴaƴan Majoidea na wuce matakai biyu kacal na yawo a cikin ruwa kafin matakin da ke gab da komawa ƙaramar ƙaguwa, alhali wasu dangogin ƙaguwa na wuce huɗu ko biyar. Sannan in sun balaga suna yin saɓa ta ƙarshe, daga nan ɓawon ba ya sake sauyawa kuma girma ya tsaya.

Masu kama da su

Dogayen ƙafafu kaɗai ba su isa hujja ba. Akwai rukunoni uku da ake yawan rikitawa da ƙaguwar gizo-gizo.

Na farko su ne dangin Lithodidae, manyan ƙaguwa masu ƙaya na ruwan sanyi da ake sayarwa da tsada. Su ba ƙaguwa ta ainihi ba ce, sun fi kusa da ƙaguwar nan da ke shiga kwanson katantanwa ta zauna. Hanyar gane su ita ce ƙirga ƙafafu. In an haɗa da hannuwan cizo, ƙaguwar gizo-gizo na da goma a fili, su kuwa takwas ake gani, domin biyun ƙarshe ƙanana ne kuma a ɓoye suke a ƙarƙashin ɓawo. Cikin macensu kuma a karkace yake gefe ɗaya.

Na biyu su ne dangin Homolidae. Suna da ƙafa goma, amma biyun ƙarshe a ɗage suke a saman baya, da su suke riƙe soso ko murjani kamar laima. Ɗaya daga cikinsu, Paromola cuvieri, ana samun ta a gabashin tekun Atlantika har gaɓar Afirka.

Na uku su ne Pycnogonida, waɗanda ake kira gizo-gizon teku. Jikinsu kusan duk ƙafafu ne, ba su da faffaɗan ɓawon baya, kuma sun fi kusa da kunama da gizo-gizo fiye da ƙaguwa.

Babbar ƙaguwar Japan

Wadda ta fi shahara a wannan gida ita ce Macrocheira kaempferi, da mutanen Japan ke kira taka-ashi-gani, wato ƙaguwa mai dogayen ƙafafu. Babu wata dabba mai gaɓoɓi da ta kai ta faɗin ƙafa: daga bakin hannu ɗaya zuwa ɗayan namiji kan kai mita 3.7, abin da ya fi tsawon mutum biyu da aka jera. Ɓawon bayanta na iya kai santimita 40, nauyinta kuma kilo 19. Launinta ruwan lemo ne da ɗigon fari a ƙafafu. Hannuwan namiji sun fi ƙafafunsa tsawo, na mace kuwa gajeru ne.

Ana samun ta a kudancin Japan ta ɓangaren Fasifik, har zuwa kusa da Taiwan, a zurfin da ke tsakanin mita 50 da 600. Mashigin Suruga na cikin wuraren da aka fi kama ta, kuma garin Heda da ke bakinsa ya yi suna wajen dafa ta. A lokacin haihuwa takan hauro zuwa ruwa mara zurfi, kuma a wannan lokaci ake hana kamun ta.

Masanin ƙasar Holan Coenraad Temminck ne ya bayyana ta a 1836, daga samfuran da likita Philipp von Siebold ya tara a Japan. Ya raɗa mata sunan Engelbert Kaempfer, likitan Jamus da ya zauna a Nagasaki daga 1690 zuwa 1692. Duk da girmanta da shahararta, an daɗe ana kai-komo a kan danginta. An fara saka ta a Majidae, aka mayar da ita Inachidae, aka lura cewa ƴaƴanta da wasu gaɓoɓinta ba su dace da can ba, yanzu kuma an ware mata dangi nata, Macrocheiridae. Ita kaɗai ce mai rai a zuri'arta. Sauran ƴan uwanta a cikin duwatsu kawai ake ganin burbushinsu, a Japan da yammacin Amurka ta Arewa.

Yadda aka tara samfuran

Yawancin abin da aka sani ya fito ne daga jiragen ruwa na bincike. Jirgin Ingila mai suna Challenger ya zagaya duniya daga 1872 zuwa 1876 yana jan koma a ƙasan teku. Edward Miers na gidan tarihin Landan ne ya duba ƙaguwar da aka kawo, kuma rahotonsa ya fito a 1886. Daga wannan aiki aka san zuri'o'i irin su Cyrtomaia, mai tudun baya da dogayen ƙayoyi, da Platymaia, mai shimfiɗaɗɗen jiki da ƙafafun baya masu gashi a gefe.

Faransa ta aika jiragen Travailleur da Talisman tsakanin 1880 da 1883 ƙarƙashin jagorancin Alphonse Milne-Edwards, kuma Talisman ya bi gaɓar Maroko da Senegal da tsibiran Kap-Ber. A Amurka, Mary Rathbun ta fitar da babban littafi a kan ƙaguwar gizo-gizo ta nahiyar a 1925. Ga Afirka ta Yamma, Théodore Monod, wanda aka fi sani da yawon bincike a Sahara, ya wallafa aikinsa a kan ƙaguwar yankin a 1956, lokacin yana shugabantar cibiyar IFAN a Dakar.

Daga 1976 gidan tarihin halittu na Paris da hukumar ORSTOM, wadda yanzu ake kira IRD, suka fara jerin tafiye-tafiye da aka sani da MUSORSTOM, daga tsibiran Filifin. Tafiye-tafiyen sun ci gaba shekaru da dama a tekunan Fasifik da Indiya, kuma Danièle Guinot da Bertrand Richer de Forges sun bayyana sababbin nau'o'i da yawa daga abin da aka kwaso. A zamanin yanzu ana ƙara amfani da na'urorin da ake sarrafawa daga jirgi, masu kyamara da hannun ƙarfe. Sai dai hoto ba ya nuna gaɓar namiji ko ƙayar gefen ido, saboda haka sau da yawa a sunan zuri'a kawai ake tsayawa.

Dalilin da sunaye ke sauyawa

Dokar raɗa wa dabbobi suna ta tanadi cewa kowane nau'i yana da samfuri na asali da aka ajiye a gidan tarihi, wanda sunan ke rataye a kansa. Duk wanda ke jin ya samu sabon abu sai ya gwada da wannan samfuri. Idan kuma aka gano an raɗa wa dabba ɗaya suna biyu, wanda ya riga fitowa shi ake ɗauka.

Kurakurai na faruwa ne ta hanyoyi sanannu. Ƙaramar ƙaguwa kan fi babba dogayen ƙayoyi in an kwatanta da jikinta, sai a ɗauka nau'i biyu ne. Namijin da ya yi saɓar ƙarshe hannuwansa kan yi girma fiye da na wanda bai yi ba. Wani lokaci kuma mace ɗaya tak aka samu, babu namijin da za a duba.

Zuri'ar Rochinia, da Milne-Edwards ya kafa a 1875, misali ce mai kyau. Shekara da shekaru duk ƙaguwar zurfi mai ƙahoni biyu da ƙayoyi a baya nan ake jefa ta, har ta cika da nau'o'i da ba su da kusanci na gaske. A 2018 masana biyu daga Brazil, Marcos Tavares da William Santana, suka sake duba ta, suka dawo da tsofaffin sunayen Scyramathia da Anamathia, suka kuma kafa sabuwar zuri'a mai suna Minyorhyncha. Bayan haka an kwashe da yawa daga na tekunan Indiya da Fasifik zuwa zuri'ar Samadinia.

Gwajin ƙwayar halitta ta ADN ya ƙara saurin wannan aiki. A 2003 Paul Hebert na jami'ar Guelph a Kanada ya ba da shawarar a riƙa karanta wani guntu na ƙwayar halitta mai haruffa kusan 650 a matsayin lambar shaida ga kowace dabba. Irin wannan gwaji ya tabbatar da cewa ƙaguwar gizo-gizo da ake ci a Turai nau'i biyu ce: Maja squinado a tekun Bahar Rum da Maja brachydactyla a Atlantika. Matsalar ita ce tsofaffin samfuran da aka jiƙa a sinadarin fomalin ADN ɗinsu ya lalace, shi ya sa yanzu ake ajiye sababbi a cikin alkol. Sunayen da aka amince da su ana tara su a wani rumbun intanet mai suna WoRMS, da ake kula da shi daga garin Ostand na ƙasar Beljiyam.

Abin da ke rataye a kan suna

Ƙaguwar ƙanƙara, Chionoecetes opilio, ƴar dangin Oregoniidae ce, kuma tana cikin ƙaguwar da aka fi ciniki da ita a Kanada da Alaska da Rasha da Japan. Tana da ƴar uwa mai kama da ita, Chionoecetes bairdi. Kowace da nata adadin da aka yarda a kama da kuma girman da doka ta ƙayyade, kuma a Alaska maza kaɗai ake ɗauka. Masu sa ido na bambanta su ta launin ido, kore ga ta farko, ja ga ta biyu, da kuma siffar saman baki. Abin da ya ƙara rikita lamarin shi ne nau'o'in biyu na haihuwa da juna a tekun Bering. In aka yi kuskuren suna, ƙirgar yawan kowace ta ɓaci, kuma a kan wannan ƙirga ake yanke adadin kamun shekara.

Tsakanin 2018 da 2021 kimanin ƙaguwar ƙanƙara biliyan 10 suka ɓace daga gabashin tekun Bering, kuma a watan Oktoba na 2022 hukumomin Alaska suka rufe kamun ta a karon farko. Binciken da masanan gwamnatin Amurka suka fitar a 2023 ya danganta asarar da ɗumamar ruwa, wadda ta ƙara wa dabbobin buƙatar abinci har yunwa ta kashe su. An gano girman asarar ne saboda an daɗe ana ƙirga kowane nau'i daban.

A can zurfi kuma, koma mai nauyi da manyan jirage ke ja a ƙasa na share murjani da soson da waɗannan ƙaguwa ke zama a kai, kuma ana shirin haƙar ma'adinai a wasu sassan ƙasan teku. Kafin a ce wuri kaza ya cancanci kariya, sai an san abin da ke cikinsa da kuma ko ana samun sa a wani wurin. Nau'in da aka ɗauka ya bazu ko'ina na iya zama nau'i uku, kowane a kan dutsensa.

Batun ya shafi har ƙasashen da ba su da gaɓar teku. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokar teku ta 1982 ta ayyana ƙasan tekun da ke wajen iyakar kowace ƙasa a matsayin gadon dukkan ƴan Adam, kuma Jamhuriyar Nijar ta shiga wannan yarjejeniya a 2013. A watan Yuni na 2023 an amince da wata sabuwa da ta shafi kare halittun wannan yanki da raba amfanin da ake samu daga ƙwayoyin halittarsu. Aiwatar da ita na buƙatar jerin sunaye da za a iya dogara da shi, kuma har yanzu duk shekara ana bayyana sababbin nau'o'in ƙaguwar gizo-gizo, wasunsu daga kwalaben da suka yi shekaru a kan kantocin gidajen tarihi ba a buɗe ba.